Malama Rabi da Muƙalar da Ban Karanta Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin keke daga Ɗan Iya zuwa Yelwa, takarduna a cinya, wani ɗan ajinmu ya kira ni ya ce Allah ya yi wa Malama Rabi rasuwa. Wallahi wurinta za ni.

Ita ke duba aikina na kammala digiri a sashen Turanci. Mu ɗalibai mun san halinmu. In za mu zaɓi muƙalar bincike, gajera muke nema, mai sauƙin Turanci, mu karanta 'yar taƙaitawar da ke sama, mu tsinci jimla biyu, shi ke nan. Malama ba ta lamuntar wannan. Takan ce, "Wanda ya tsaya a zaure ba ya ba da labarin tsakar gida." Kowace muƙala sai ka kawo mata ita a takarda, da zanen bironka a jiki, ta tambaye ka mutum nawa aka bincika, a ina, ta wace hanya.

Ni a babi na biyu ta kama ni. Ta ɗora yatsa kan sunan wani marubuci ta ce, "Habu, ka karanta wannan har ƙarshe?" Na ce e. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Ba zan sa hannu ba. Je ka karanta ka dawo." Saura wata guda a rufe karɓar aiki, in ban miƙa ba sai baɗi. Na fito ina huci, na ce wa abokaina matar nan baƙar mugunta ce da ita. Mako biyu ina kauce mata, ko gaisuwa babu.

Da na haƙura na zauna da muƙalar da ƙamus, kwana uku ina fama, sai kunya ta rufe ni. Ashe marubucin rushe ra'ayin da nake karewa yake yi, ni kuwa na kafa shi hujja a kai! Na gyara babin kaf, shi zan kai mata ranar da ta rasu, ba ta gani ba.

Malamin da aka ba ni a madadinta ya sa hannu nan take, ko buɗe babin bai yi ba. Na miƙa a kan lokaci, na fito na zauna a baranda ina kuka.

Allah ya jiƙan Malama Rabi, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makoma. Allah ya ba maigidanta da 'ya'yanta haƙurin rashi. Ni kuma da na ci namanta a bayan ido, ban samu na roƙe ta gafara ba, Allah ya yafe mini.