Ranar da Oga Darakta Ya Wanke Bututun Nanret

Ban taɓa mantawa da ranar da Oga Darakta ya taɓa kayan aiki da hannunsa ba. A duk zamana na mai kula da ɗakin gwaje-gwaje a 'yar cibiyarmu ta binciken magunguna da ke hanyar Naraguta, sau ɗaya na san ya yi haka, kuma ɗayan ya ishe mu.

A lokacin muna da ɗalibar digirin digirgir, Nanret. Bari in yi wa sababbin ma'aikata a cikinku bayanin aikinta. A tsohuwar hanya, ana narkar da garin magani a ruwa mai zafi cikin tukunya, a bar shi ya huce har ya fitar da ƙwayoyi kamar na sukari, a kwashe, a wanke tukunya, a sake. Ita kuwa dogon bututun gilashi ta haɗa: ruwan ya shiga da zafi ta nan, yana tafiya yana hucewa, ƙwayoyi su riƙa fita ta can ba tsayawa. Malaminta ya ce in ba ta nuna na'urar ta yi yini guda cur tana aiki kafin ƙarshen wata ba, zaman kare bincikenta sai baɗi. Garin da ya rage mata kuwa na gwaji ɗaya ne.

Ranar wata Laraba da safe abin ya kama. Bututun da ya yi watanni garau ya yi fari fat kamar an ɗura masa koko, alamar ƙwayoyin maganin sun fara fita. Nanret ta daka tsalle.

"Baba Audu, ka gani? Ya fito! Na gode wa Allah, ya fito!"

Na ce, "Na gani, 'yata. Yanzu sai mu yi gadinsa."

Ashe ranar ce manyan baƙi za su zo duba cibiya. Kun san halinmu da baƙi: har duwatsun bakin ƙofa sai an shafa musu farar ƙasa. Oga Darakta ya iso daga unguwar Rayfield cikin sabon kwat, ya tura Nanret ta jera kujeru a zaure, domin ai karatun digirgir ba ya cika sai da jera kujeru. Ni kuma ya ce in tafi garin Vom in sayo wa baƙi madara.

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai gwaji da ke gudana."

Ya ce, "Malam Audu, ni ne darakta. Wa ya fi ni sanin gwaji?"

Da na dawo, na tarar bututu yana walƙiya. Oga ya leƙo, ya ga abin da ya kira ƙazanta, ya kashe famfon da ke tura maganin cikin bututu, ya sa ruwa ya wanke shi tas. Nanret na tsaye tana kallon ramin wanke-wanke, inda wahalar shekarunta ta bi. Ba ta yi kuka ba, amma ni raina ya ɓaci ƙwarai, ga ni riƙe da galan ɗin madara kamar wawa.

Baƙi suka shigo, aka yi hotuna. Wata mata a cikinsu, da alama ta san aikin, ta duba bututun ta ce, "Na'ura mai kyau. Yaushe za a fara amfani da ita?"

Oga bai ko ƙifta ido ba. Ya ce, "Muna jiran ɗalibar ta mai da hankali ne. Kin san yaran yanzu."

Nanret ta rusuna ta ce, "Haka ne, yallaɓai. Zan ƙara ƙoƙari."

Sai baɗin ta gama. Ranar da ta sake gwajin, ni na kulle ƙofa na zuba makulli a aljihu, Oga ya yi ta ƙwanƙwasawa, muka ce ƙarar famfo ta hana mu ji.

Abin da na koya shi ne, a sana'armu kayan da ke aiki ba su cika kyan gani ba, kuma ba ɗauke wuta ce babbar barazana ga gwaji ba, ranar baƙi ce. Hoton da kuke wucewa kullum a baranda, na Oga yana murmushi kusa da bututu mai sheƙi, ku ƙara dubansa da kyau. Shekara guda ta rayuwar Nanret aka wanke kafin ya yi wannan sheƙin.