Gawayin Jegona a Mansur

Haihuwata ta fari ta zo ne a lokacin sanyi, muna zaune a unguwar Mansur cikin ɗakunan kwano da mutanen Makka ke kira sandaƙa. Mijina yana aikin gini a Jidda, sai Juma'a yake zuwa, don haka na koma gaban Baba. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa. Gwaggo, yayar Baba, ita ta ɗauro ƙunshinta daga unguwar Utaibiyya ta zo yi mini jego.

Sana'ar Baba ƙera kaskon wuta. Yakan yanka garwar kananzir, ya huda gindinta, ya sa mata ƙafafu uku. Duk wanda ya saya sai ya sha wa'azi: a hura gawayi a waje har ya yi jajir, a zubar da toka don kada hudojin su toshe, kuma kada a rufe ɗaki ruf. Na gidanmu kuwa, kullum da safe sai ya kife shi ya bi hudojin da ƙusa.

Gwaggo dariya take masa. "Ina yi wa mata jego tun ba ka iya ɗaura wando ba," in ji ta. "Mai jego da iska ba sa haɗuwa."

Kwana biyar da haihuwa aka tashi da ruwan sama. Bayan azahar maƙwabciyarmu, wata mutuniyar Chadi, ta ɗauki jaririyar zuwa ɗakinta don in samu in runtsa. Gwaggo ta toshe taga da buhu, ta cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Ruwa ya hana ta hura wuta a tsakar gida, sai ta shigo da kaskon, gawayin na nan da baƙinsa, ta tura shi kusa da gadona.

Da farko ɗumin ya yi mini daɗi. Can sai kaina ya fara sarawa, zuciyata na tashi.

"Gwaggo, kaina."

"Jini ne bai koma ba. Kwanta, 'yar nan."

Maganarta a hankali take fita. Na ga carbi ya zame daga hannunta, ba ta ɗauka ba. Na so in tashi, ƙafafuna suka ƙi.

Ruwan ne ya kori Baba daga kasuwa da wuri. Ya ce sallama uku ya yi babu amsa, ya hango buhu a taga, sai ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar. Ya yi jifa da kaskon waje, ya janyo ni, ya koma ya goyo yayarsa. Na farfaɗo a tsakar gida, ruwa na dukan fuskata, ina amai. Wani maƙwabci mai tasi ya kai mu asibiti. Likitan, Bamisire, ya ce ba hayaƙin da ido ke gani ba ne ya kayar da mu, wata iska ce da gawayi ke fitarwa, ba ta da wari.

Da muka dawo washegari, Gwaggo ta zauna a bakin ƙofa tana kuka. "Da jaririyar na cikin ɗakin fa?" Abin da take ta maimaitawa ke nan.

Na zaci Baba zai yi faɗa. Sai ya dafa shayi da na'ana'a, ya durƙusa ya miƙa mata.

"Yaya, sha. Khalas, ya wuce, Allah ya kiyaye."

Da yamma ya hau kan akwati ya yanke kwanon saman ƙofa, faɗin tafin hannu biyu, ya sa ragar waya. Gwaggo ta yi mitar wannan kafa har na yi arba'in, tana lulluɓe ni da barguna uku, tana ɗura mini kunun kanwa, amma ba ta taɓa toshe ta ba.

Ranar suna mijina ya sa wa yarinyar sunan Gwaggo. Ta ce ba ta cancanta ba, ta rufe fuska da mayafi. Kafin la'asar kuwa ta riga ta goya takwararta, ta hana kowa ɗauka.