Layin da Babana Ya Ja a Wuyansu

Jama'a, wallahi tallahi a idona abin nan ya faru, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Shekarun baya ne, ina aikin girki a gidan wani Alhaji a Gumel. A falonsa akwai wani tsohon hoto da aka zana a kan katako, kakansa a zaune, 'ya'yan kakan huɗu a tsaye. Babana ne ya zana shi, Allah ya jiƙansa, mai fentin manyan motoci ne a Maigatari. Bai taɓa sa sunansa a aiki ba, sai dai duk mutumin da ya zana sai ya ja masa siririn layi a wuya, don malaminsa ya ce hoton da aka yanke wa wuya ba ya neman rai.

Ran nan Alhaji ya kawo wani ɗan boko daga Kano, ya duba, ya duba, ya ce wai aikin Bature ne, daga Damagaram aka shigo da shi. Na dire tire na ce, "Alhaji, Babana ne fa!" Suka kwashe da dariya. Baƙon ya ce, "Haba Iya, mai fentin mota?" Kai! Ji na yi kamar in shaƙe shi. Wai layin nan ma ƙarzuwa ce, ya sa auduga da wani magani ya goge duka biyar, ina ta cewa kar ka yi, kar ka yi.

Washegari da hantsi ina shara, ba kowa a falon, sai na ji tari a bayana, irin na tsoho. Na waiga. Innalillahi! Mutanen cikin hoton nan, da can gaba suke kallo, yanzu su biyar sun karkato suna kallon kujerar Alhaji. Da ya shigo ya gani, ya koma wata kujerar, suka bi shi da ido.

Bayan kwana uku Alhaji ya kira ni, "Iya, don Allah mayar musu da layin." Na ce, "Wa ya zana?" Ya faɗa ƙasa-ƙasa. Na ce ban ji ba. Sai da aka rubuta sunan Babana, Sale mai fenti, a bayan katakon, sannan na ɗauko kwallina na ja musu layin. Na 'ya'yan huɗu suka kama. Na tsohon kuwa, in na ja, kafin in sauke hannu ya ɓace, ga wuyan da ɗumi.

Ban sake taɓa shi ba. Ku dai in kun tarar da tsohon aiki a gidanku, ku tambayi tsofaffi wa ya yi kafin ku kai hannu.