Sunan da Aka Yi da Kujeru

Har yau ban san wanda ya ba da sunana ba. Ina shagona a unguwar Guillotière ta birnin Lyon ina auna wa wata atamfa, sai ga shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Nijar, wai an sa ni kwamitin tarbar baƙi. Ƙauyuka huɗu ne a bayan Lyon suka haɗa kai, likitansu ya tsufa ya ajiye aiki, sun nemi wani sun rasa. Ƙungiyarmu ta samo musu wani ɗan Maraɗi da ke aiki a Paris, shi da matarsa mai ciki. Ni ce 'yar tsakani, tunda na shekara ashirin a ƙasar nan.

Kai, na ga taro! Taron gida, taron fenti, taron launin labulen ɗakin jira. Magajiyar babban ƙauyen, wato shugabar hukumarsu, wata doguwa mai kirki da son takarda, kome aka faɗa sai ta rubuta a allo ta ja masa layi. Na sha rufe shagona saboda kofi mai ɗaci da biskit. Amma a faɗi gaskiya sun yi ƙoƙari: gida da lambu, mota, har mai koya wa matar tuƙi. Tsoronsu ɗaya ne, kada likitan ya yi 'yan watanni ya tattara ya koma. Shi kuwa tun farko ya gaya mini, "Hajiya, ni ko'ina zan iya zama. In matata ta zauna, na zauna."

Ta haihu ranar wata Alhamis, namiji. Likita ya yi abin da kowannenmu zai yi: duk wanda ya shigo a duba shi sai ya ce masa an yi haihuwa, suna ranar Alhamis mai zuwa. A wurinmu ai magana ta ƙare. Wa ke aika wa maƙwabci takarda ya zo barka? Ji kawai ake yi a sa takalmi. Ya sa aka yanka raguna biyu a Lyon, ya aro kujeru sittin daga ofishin magajiya ya jera a lambu. Ni na kai tukwanena na ɗora shinkafa tun da sassafe.

Hantsi ya yi, ba kowa. Azahar ta yi, mu biyar ne a lambun: limamin da na ɗauko a motata, 'yan ƙungiya biyu, ni, da mai gida. Sauran namu suna bakin aiki. Na leƙa ta katanga, ga wata tsohuwa maƙwabciyarsu tana ba furanni ruwa, ƙamshin nama na dukan hancinta. Ta ɗaga mini hannu ta shige ciki.

Raina ya ɓaci, na kira magajiya. Na ce, "Madam, ina mutanenku?"

Ta ce cikin mamaki, "Ai ba a gayyace mu ba. Mun ma yi taro, muka ce kada kowa ya dami mai jego sai ta huta wata guda."

Taro! Har ƙin zuwa barka sai da aka yi masa taro! Na buɗe baki zan wanke ta tas, sai na haɗiye maganata. Wa ya kamata ya gaya mata? Wa ya san Nasara ba ya taka gidanka sai da randebu, wato an sa rana da ƙarfe kaza, ya kuma san Bahaushiya tana lura da duk ƙafar da ta zo mata barka? Ni ce. Na zauna an yi gardamar labule da ni, wannan kuwa ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba. Wallahi haushin kaina ya fi na kowa.

Na shiga ɗaki na tarar da mai jego ta ci ado, ta sha lalle, tana zaune a bakin gado tun safe tana jiran masu shigowa. Sai wayarta ta yi ƙara. Uwarta ce daga Maraɗi, kiran bidiyo. Ta miƙo mini ba ta ko dube ni ba. Muka gaisa, tsohuwa ta ce, "'Yar nan, juya mini in ga taron jikana."

Na ce rezo ba kyau, layin yana yankewa. Ta ce tana ganina sarai. Ba yadda zan yi, na fita lambu na juya wayar a hankali, kujera bayan kujera, har tukwanen da ba a buɗe ba.

Tsohuwa ta ƙare wa lambun kallo. Can ta ce, "Me 'yata ta yi musu?"

Na yi ta bayani, ba ƙiyayya ba ce, al'adarsu ce. Ta bar ni na gama, sannan ta ce a ba ta surukinta. Ban ji abin da ta gaya masa ba, na dai ga likita ya durƙusa a kan ciyawa da waya a hannu yana cewa, "To, Inna. To."

Kafin yaron ya yi arba'in sun koma Paris, ɗaki biyu a hawa na shida. Ƙauyukan nan huɗu har yau ba su da likita.