Kwanon Mijin Rifkatu

Duk wanda ya taɓa kai masara kasuwa a Doguwa ya san Mama Rifkatu, ko da muryarta ce. Gajeriya ce, ga faɗa, kuma ba abin da take taƙama da shi kamar a ce ba ta taɓa cutar kowa ba. Mijinta, marigayi Labaran, ɗan awo ne. Bai bar mata komai ba sai 'ya'ya huɗu da kwanon awonsa, wanda take gogewa kullum kamar na cin tuwo.

Shekarar da 'yan awo suka ishi manoma da tara hannu a bakin kwano, masara na hawa har damtse, zumuntar matan cocinsu ta ce ya isa haka. Suka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron coci duk jajiberin kasuwa. Manomi ya kawo, a auna masa ba tara hannu, a haɗa buhuna a sayar wa mai mota kai tsaye. Rifkatu ce mai awo, da kwanon Labaran, tana yi tana yabon gaskiyar mai shi. Musulmi ma suka fara kawowa, maƙwabciyarta Hajara ce ta buɗe hanya.

A kaka ta uku layi ya yi tsawo, fasto ya sayo sabon kwano. Rifkatu ta cika nata ta juye a sabon, don ta nuna wa matan duk ɗaya ne. Sabon ya cika, masara kusan tafi biyu ta zube ƙasa. Ta kifa kwanon mijinta ta shafa gindinsa. An bubbuge shi ya ƙara zurfi, aikin gwani. Shekara ashirin da shi Labaran ya sayi hatsin maƙwabtansa. Ina wurin ranar, kuma ta ba ni tausayi.

Da la'asar ta shiga gidan Hajara da kwanon, ta faɗa mata komai, ta ce idan sun daina kawowa ba ta ga laifinsu ba. Hajara na tsince wake, ba ta ko ɗago ba.

"Yaya Rifkatu, ai mun sani tun yana da rai. Wurinki muke kawowa, ba wurin kwanon ba."

Yanzu kwanon yana tsakar gidan Rifkatu, kaji na shan ruwa a ciki. Har yau ba ta iya wuce shi ba ta ɗauraye ba.