Ranar da fom ɗinmu ya ce mutum ɗaya ne

Shekarun baya kaɗan, sandika, wato ƙungiyar direbobin manyan motoci da nake wa sakatare, ta gaji da littafin layi. Muna da tasha a Sokodé, muna da wata a Dapaong, kullum rigima kan wa ke gaba wajen lodi. 'Yata, wadda aikinta ke nan a Lomé, ta haɗa mana shafi a intanet: fom na shigar da direba, da jadawalin da magatakardan kowace tasha zai iya gyarawa daga wayarsa.

Ta tambaye ni abin da nake so a ƙara. Ni kuwa na zauna Kumasi, na zauna Abidjan, na cike fom da Faransanci da Turanci har na gaji, don haka na ɗauka na san komai. Na ce ta sa doka: in suna da sunan uba sun riga sun shiga, kada fom ya sake karɓarsu.

Ta ce, "Baba, a zango fa muke, inda sunaye ke yawan zuwa ɗaya."

Na ce ta sa kawai. Ta sa.

Ba a yi wata ba wani direba ya kira ni daga Dapaong. Kwana uku yana zaune a tasha, ana loda tumatir a motocin da suka iso bayansa. Duk lokacin da magatakarda ya shigar da shi, sai fom ya yi ja, wai yana kan layin Sokodé.

Ya ce, "Alhaji, tunda na'urarka ta ce ina Sokodé, don Allah ka leƙa unguwar Didaouré ka gaishe ni. Ka tambaye ni ko na ci abinci."

Na leƙa tasharmu ta Sokodé, sai ga wani direban daban yana shan shayi. Sunansu ɗaya, sunan ubanninsu ɗaya. Ba wanda ya taɓa rikita su, domin ba a kiran ko ɗayansu da sunan yanka. Kowa da laƙabinsa, shi ne kuma abin da ban tanadar wa gurbi ba.

Na kira 'yata. Ba ta ce ai ta faɗa ba. Kafin la'asar ta cire dokar, ta ƙara gurbin laƙabi da na lambar lasisi. Da hannuna na mai da direban Dapaong saman layi, na kira shi na ba shi haƙuri. Washegari ya yi lodi.

Na daɗe ina tunanin abin. Fom-fom ɗin da na yi ta cikewa a ƙasashen mutane, an tsara su ne don inda suna ke raba mutum da mutum. A wurinmu suna haɗa mutum yake yi da kakansa. Na san wannan da Hausa tun ina yaro, amma ranar da na zauna tsara fom, da Faransanci na yi tunani, wani kuma ya yi kwana uku ba lodi.