Malama Radiyya da Masu Ɗiban Yashi

Duk wanda ya ga Malama Radiyya tana tsallaka titi a Wudil, da hijabinta ruwan toka da 'yar jakarta a kafaɗa, ba zai ce ga wata ta musamman ba. Gajeriya ce, siririya, muryarta ma sai ka matso kake jin ta sosai. Amma akwai gidaje da yawa a garin da ƙauyukan kewaye inda in aka ambaci sunanta sai ka ji wani ya ce, "Allah ya saka wa matar nan da alheri."

A Dagumawa aka haife ta, 'yar Malam Abdulbaƙi, manomin gero da gyaɗa. Ta yi makarantar koyon aikin lafiya, ta samu aiki a wani ƙaramin asibiti, tana awon ciki da riga-kafin yara. Ta auri Mudassir, mai kula da injin ba da wuta a jami'ar garin. Suka haifi Khairiyya, komai yana tafiya daidai gwargwado, har ta haifi na biyu, Anas.

Haihuwar ta zo da sauƙi. Abin da ya biyo baya ne ba wanda ya gane kansa. Radiyya ta daina cin abinci, ta daina barci, in jaririn ya yi kuka sai ta zuba masa ido kamar ɗan wata aka ajiye mata. Hawaye kuwa ba sai an taɓa ta ba. Masu zuwa barka wasu suka ce iska ce, wasu suka ce hannu aka sa mata. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi addu'a, ita dai tana nan a ƙuryar gado. Abin da ya fi cin ta shi ne kunya. Ita da take koya wa mata rainon jarirai, ga nata ta kasa ɗauka.

Mudassir ne ya gaji da kallonta haka, ya ce, "Maman Khairiyya, tashi mu je Kano." A wani asibiti suka samu wata dattijuwar nas mai suna Sista Hajara. Radiyya tana jiran a rubuta mata magani a sallame ta, sai matar ta ja kujera ta zauna kusa da ita, ta ce, "'Yata, yaushe rabonki da barci mai daɗi? Wa kike gaya wa abin da ke ranki?" Tun da abin ya fara ba wanda ya yi mata irin wannan tambayar. Ta yi magana har muryarta ta dushe. Sista Hajara ta ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana kama mata da yawa, kuma ana warkewa. An ba ta magani, amma an kuma zaunar da Mudassir aka gaya masa nasa aikin, aka ce ta riƙa fita tana shan iska, ta ci, ta huta, ta ci gaba da addu'arta.

Da ta warke sai ta ga aikinta da wani ido dabam. Mata nawa ne suka zauna a gabanta suna cewa "ciwon kai" ko "jiri", ta ba su ƙwaya suka tafi, alhali ba kan ne ke ciwo ba? Ta koma karatu, tana zuwa Kano ranakun ƙarshen mako, har ta samu shaidar ƙwarewa a fannin ba da shawara da kula da lafiyar tunani. Mudassir ya gyara mata zauren gidansu, aka sa ƙofa da labule, aka shimfiɗa tabarma, aka ajiye kujeru.

Da farko mutane gudun zauren suke. "Wurin likitar mahaukata" suke ce masa. Ɗaliban jami'a ne suka fara zuwa, musamman in jarrabawa ta matso. Sai matan aure, sai mazajensu, har da wani dillali na kara, kasuwar shanu, da ya yi asarar da ta hana shi fita daga gida. Ita a wurinta ba a raba zuciya da jiki, ba a kuma raba su da gida, da wurin neman abinci, da ibada. Duk sai ta tambaya. In ta ga abin na asibiti ne, ba ta ɓata lokaci, can take tura mutum. In na malamin addini ne, ta san limaman da za ta haɗa shi da su.

Wata damina kogi ya cika ya batse. A bakin kogin akwai masu ɗiban yashi, waɗanda ke shiga tsakiyar ruwa da kwale-kwale, su yi nutso da bokiti, su ciko shi da yashi, su kawo gaɓa a loda wa tifa. Ranar wata Talata kwale-kwalen Labaran da abokinsa Ɗantani ya yi nauyi, igiyar ruwa ta buge shi ya kife. Labaran ya fito. Ɗantani sai washegari aka ga gawarsa can ƙasa da gada.

An yi kusan wata biyu da wannan, sai ga matar Labaran, Suwaiba, a zauren Radiyya. Ta daɗe tana murza gefen mayafinta kafin ta yi magana.

"Malama, ban san ko ni ce na yi masa laifi ba. Baban Zainab ya zama wani mutum dabam. Ba ya zuwa aiki, ba ya magana, in yara suka yi motsi sai tsawa. Ko alwala ba ya iya yi. Yana ɗaukar buta sai jikinsa ya kama rawa."

"Ke kuma fa?" in ji Radiyya. "Kina ci? Kina samun barci?"

Suwaiba ta ɗago da mamaki, sai kuma ta fashe da kuka. Ita ba don kanta ta zo ba, amma da ita aka fara.

Da Suwaiba ta nemi ya zo zauren, Labaran ya ce shi ba mahaukaci ba ne, ba inda za shi. Radiyya ba ta ja ba. Ta sa Mudassir ya raka ta, suka je gaisuwa kamar kowa. Suka tarar da shi a gindin dalbejiya a ƙofar gida, ƙato mai faɗin ƙirji, amma ya zube, idanunsa sun yi ja. Suka gaisa, ta yi masa ta'aziyyar abokinsa, ba ta ambaci kogi ba. Da za su tashi ta ce, "Malam Labaran, na ga kana yawan dafe ƙeya. Ka bari a gwada jininka, wannan ba abin kunya ba ne." Wannan ya yarda da shi. Aka gwada, jinin ya hau sosai, aka ɗora shi kan magani a asibiti. Daga nan ne ya fara biyowa ta zauren, wai don ya faɗa mata yadda gwajin ya kasance.

A hankali ta bi da shi. Ta koya masa yadda zai ja numfashi ya sake shi sannu-sannu in ƙirjinsa ya fara bugawa. Ta sa shi fita gonar surukinsa da safe don jikin ya motsa. Ta haɗa shi da limamin unguwarsu, wanda ya kwantar masa da hankali ya ce ya yi taimama har Allah ya ba shi lafiya. Sannan ta fara ajiye masa ruwa a ɗan kwano. Ranar farko kallonsa kawai ya yi. Wata ranar ya tsoma yatsa. Sai da aka yi makonni kafin ya iya ɗiba ya shafa a fuskarsa, yana haki kamar wanda ya yi gudu.

Da ta ga ya ɗan samu ƙarfi sai ta zaunar da shi tare da matarsa. Ta ce kowa zai yi magana, ba mai katse ɗan'uwansa. Suwaiba ta sunkuyar da kai ta ce, "Abin da ya fi ƙona min rai, Malama, ran nan na miƙa masa kofi, hannuna ya taɓa nasa, ya fizge kamar na ɗora masa garwashi. Tun daga ranar na ce ko ya tsane ni ne."

Labaran ya daɗe yana kallon tabarma. Radiyya ta jira shi. Ta san irin wannan shirun, in ka cika shi da surutu ka kore abin da ke tahowa.

"Ba ke ba ce," ya ce daga ƙarshe. "Hannun ne. Da jirgin ya kife na kama Ɗantani, na riƙe shi gam. Ruwa yana jan sa, shi kuma yana ja na ƙasa. Numfashina ya ƙare. Ba suɓuce min ya yi ba kamar yadda na gaya wa mutane. Ni na buɗe hannuna."

Suwaiba ta toshe baki. Radiyya ta yi masa magana, muryarta ba ta canja ba.

"Malam Labaran, mutumin da numfashinsa ya ƙare a cikin ruwa ba shi ke ba hannunsa umarni ba. Jiki ne yake ƙwatar ransa, haka Allah ya halicce shi. Kai da kake iya fita kai kaɗai tun farko, ka tsaya ka kama shi. Wannan ma ya faru, kada ka manta da shi."

Ƙaton nan ya kifa kansa a gwiwa ya yi kuka mai sauti. Suwaiba ta matsa kusa da shi, ba ta taɓa shi ba, ta dai zauna har ya gama.

Ba a daɗe ba shugaban masu ɗiban yashin, wani dattijo da ake kira Baba Sabo, ya yi sallama da kansa. Ya ce tun rasuwar Ɗantani wurin aikinsu ya lalace. Faɗa kullum a kan abin da bai kai ya kawo ba, wasu samarin kuma sai sun sha ƙwaya suke iya shiga ruwa. "Malama, na ga yadda Labaran ya dawo hayyacinsa. Ko za ki zo ki yi mana magana?"

Ta je bayan azahar, Mudassir na biye da ita. Ta zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale, maza majiya ƙarfi sun kewaye ta, wasu riƙe da shebur, wasu suna dariya ƙasa-ƙasa. Ba ta yi musu wa'azi ba. Ta ce, "Ni ban taɓa shiga kogi ba, ku za ku gaya min. Ranar da abin ya faru, a ina kowa yake?"

Direban tifa ya kashe motarsa. Sai Baba Sabo ya cire hula ya ce shi yana gaɓa, ya ga jirgin ya yi nauyi, ya so ya yi magana, ya fasa saboda mota na jira. Wani ya ce shi ne ya ƙara musu bokiti na ƙarshe. Wani ya ce ya ji ihun, ya ɗauka wasa ne. Ashe kowannensu ya ɗauki mutuwar ya ɗora wa kansa, yana zaton shi kaɗai ne. Radiyya tana kallon fuskokinsu suna saki ɗaya bayan ɗaya, ta ji mamakin yadda mutane za su yi aiki kafaɗa da kafaɗa kullum, kowa da irin wannan nauyi, ba wanda ya sani.

Ta koma wurin sau da yawa. Su da kansu suka shata wa kowane jirgi layi da fenti, in ruwa ya taɓa shi an daina lodi. Suka yarda wanda ya ji ba ya son shiga ruwa ranar ya faɗa, ba mai yi masa gori. Biyu daga cikin masu shan ƙwayar ta tura su asibiti. Ɗaya ya daina, ɗayan ya bar garin, har yau ba ta san inda yake ba, kuma abin yana damun ta. Labaran bai koma nutso ba. Shi ne yanzu yake tsayawa a gaɓa yana duba lodi, in ya ɗaga hannu ba wanda ke ƙara ko bokiti ɗaya.

Bayan kaka Labaran ya zo mata da wata buƙata. Yana so ya je ƙauyen Achika wurin mahaifiyar Ɗantani, Inna Uwa, ya gaya mata gaskiya. Radiyya ta tambaye shi ko ya shirya wa duk abin da za ta ce, ko da mai zafi ne. Ya ce ya shirya. Suka tafi da hantsi, shi da Suwaiba da ita.

Suka tarar da tsohuwar a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Bayan doguwar gaisuwa Labaran ya durƙusa ya faɗi komai, bai rage ba. Inna Uwa ta ajiye faifan da ke cinyarta. Ta dube shi, idanunta sun cika.

"Ɗan nan, wannan ne ya hana ka zuwa gaishe ni?" ta ce. "Ni ina nan ina cewa na rasa ɗaya, ɗayan kuma ya guje ni. Da ka riƙe shi, gawa biyu za a kawo, uwarka ma ta zauna irin zaman da nake yi. Wa'adinsa ne ya cika. Tashi daga ƙasan nan."

Ta juya ta ƙwala wa jikarta Murja kira, ta ce a dama fura, baƙi sun sha hanya.

Radiyya ta zo da maganganu a bakinta, ko da za a buƙaci a sasanta ko a rarrashi wani. Ko ɗaya ba ta yi amfani da ita ba. Ta zauna a gefen tabarma tana kallon tsohuwar tana tambayar Labaran lafiyar yara, tana tura masa ƙwaryar fura gabansa. A hanyar komawa Suwaiba ta yi ta yi mata magana, ita kuwa sai "Allahu akbar" take maimaitawa a hankali, har suka shigo gari.